Babi na Bakwai: Tiya Nawa Za A Dafa Ranar Sallah?

Ana saura kwana uku ko huɗu sallah, a yawancin gidaje akan yi wata 'yar magana da ba ta wuce minti biyu, amma ita ke yanke yawan kuɗin da za a kashe da yawan abincin da za a zubar. Maigida zai tsaya a bakin ƙofa, ya riga ya sa takalmi, ya ce, "Wai shinkafar nan tiya nawa za a sayo?" Uwargida kuma ko ɗagowa ba za ta yi ba, sai ta ce, "Alhaji, a dai sayo da yawa, ai sallah ce. Gara ta yi saura da a ce ba ta isa ba." Shi ke nan, an gama lissafi.

Ni ban ga laifinta ba, domin abin da take gudu gaskiya ne. Idan ƙanwar miji ta zo da 'ya'yanta da la'asar aka ce mata tukunya ta ƙare, maganar za ta riga ta isa gida, kuma bayan shekara goma ma akwai mai tunawa. Shinkafar da aka kwashe a baho washegari aka kai bola kuwa, babu mai ba da labarinta. Saboda haka kowace mace ta gwammace ta yi asarar da ba a gani da ta ji kunyar da ake gani. A da, lokacin da buhu ke da sauƙi, ana iya shanye wannan asara. Amma tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023 kasuwa ta sauya. A tsakiyar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin kayan abinci ta haura kashi 40 cikin 100, kuma duk wanda ya je kasuwar Dawanau ko ta Singa a lokacin bai buƙaci a karanta masa alƙaluma ba. Tiya biyun da ake ƙarawa don gudun magana, a gida da yawa cefanen mako guda ce. Ba banza aka ce sallah ta wuce ta bar wawa da bashi ba.

Masu girkin biki suna da lissafinsu mai sauƙi: an buga kati 300, sai a yi faranti 350. Sallah ba ta da kati. Ba a gayyatar kowa, ba a kuma korar kowa. Shi ya sa duk littafin girkin da ya ce ki ƙirga kujeru ki ninka da awo, ba don gidajenmu aka rubuta shi ba. A gidan Bahaushe, yawancin abincin sallah ba a cikin gidan ake cinye shi ba, kuma yawancin abin da mutanen gidan suke ci ba a gidan aka dafa shi ba. Wanda bai sa wannan a lissafi ba, ko ya yi awo da sikeli sai ya yi kuskure.

Mu fara da ma'auni tukuna, domin a nan ma akwai ruɗani. Tiyar Kano, wadda wasu ke kira kwano, tana ɗaukar shinkafa kimanin kilo 2 da rabi, shi ya sa buhu mai kilo 50 yake ba da wajen tiya 20, ko ƙasa da haka kaɗan idan mai awo yana tozo. Mudun da ake awo da shi a Kaduna da Abuja bai kai ta ba, kusan rabinta ne. Yarinyar da aka kawo aure Kano daga can, idan ta kira mahaifiyarta a waya aka ce mata "dafa biyar", ta auna da tiyar unguwarsu, ta ninka abincin ba ta sani ba. Abin da ba ya sauyawa daga gari zuwa gari shi ne gwangwanin madarar ruwa. Idan aka cika shi aka shafe baki, yana ɗaukar shinkafa gram 140 zuwa 150, kuma shinkafa idan ta dahu nauyinta yakan kusa ninka uku. Gwangwani ɗaya ke nan ya ƙosar da ƙato har ya bar loma. Ki ɗauki tiyar gidanki ki zuba da gwangwani sau ɗaya ki ga nawa take ci. Za ki samu 16 zuwa 18. Wannan adadin kaɗai idan kin riƙe shi, rabin aikin ya ƙare. An ce ido ba mudu ba amma ya san kima, kuma haka ne a girkin yau da kullum, inda hannu ya saba da tukunya ɗaya da bakuna goma. Ranar sallah an aro babbar tukunya daga maƙwabta, ido bai san zurfinta ba, tiya 3 a cikinta sai ta yi kamar ba a zuba komai ba, sai a ƙara.

Mutanen gida su ne mafi sauƙin lissafi, kuma su ne suka fi ba da mamaki. Babba gwangwani ɗaya, yaro rabi. Amma a Ƙaramar Sallah ko wannan ma ya yi yawa. An yi wata guda ba a ci da rana ba, ciki ya saba, ga shi kafin a tafi idi an ɗan taɓa wani abu kamar yadda sunna ta koyar. Ana dawowa yara za su yi loma uku su tsame hannu, hankalinsu na kan sabon kaya da yawon barka da sallah, kuma kuɗin da suka samu a alewa da lemon kwalba zai tafi. Samari kuwa daga masallacin idi wasu ba za a sake ganinsu ba sai dare. Wanda zai zauna ya ci abincin gidan da gaske bai wuce maigida da tsohuwa da mai girkin ba, ita ma mai girkin hayaƙi ya riga ya ƙosar da ita.

Inda abincin yake tafiya shi ne kwanukan fita. Ana saukowa daga idi za ka ga yara cikin sababbin kaya suna ta karakaina a lungu, kowa da kula a ka ko a kwando, wannan ta gidan liman, wannan ta gidan mai unguwa, wannan ta Gwaggo da ke bayan layi. Wannan shi ne ainihin girkin sallah, kuma shi ne ya fi kamata a zauna a rubuta tun daren jajibiri, gida-gida, da suna. Ba duk kula ce ɗaya ba. Ta maƙwabta alama ce ta zumunci, ba ciyar da gidan za ki yi ba, gwangwani 2 ya isa, a yi mata ado da nama. Ta surukai ita ce ba a wasa da ita. Ita ake buɗewa a gaban mutane, a leƙa, a ƙirga tsoka da ido, wata tsohuwa ta ce, "Kai, yarinyar nan akwai hankali," ko kuma ta yi shiru, wanda ya fi maganar ciwo. Nan ki ba da gwangwani 5, ki zaɓi cinya da ƙirji, ki sa a kular da ta fi kyau, a kuma fara fitar da ita kafin ta kowa. Idan za a yi tsimi, a yi shi a wani wuri.

Abin da kusan kowa ke mantawa shi ne kulolin ba sa dawowa haka nan. Gida takwas kika kai wa, aƙalla shida za su aiko. Kafin azahar tsakar ɗaki ta cika: tuwon shinkafa da miyar taushe daga nan, waina daga can, funkaso, alkubus, sinasir, dafa-duka, wata amarya ta gwada soyayyiyar shinkafa da ta koya a waya. Yaran gida kuma abincin maƙwabta suka fi so, ko da naku ya fi daɗi. Wannan abincin da ya shigo ya isa ya riƙe gidan da rana har dare. Duk wadda ta dafa wa mutanen gidanta abincin rana da na dare cikakke, sannan ta dafa na fita, to ta yi girkin gida sau biyu. A nan ake samun bahon da ke tafiya bola.

Baƙi masu yawon sallah kuma ba masu cin abinci ba ne, masu ɗanɗano ne. Gidanki shi ne na huɗu ko na biyar da suka shiga, kuma ko'ina an ce sai sun ci. "Haba Yaya, ko loma ɗaya ai kya yi." Loma ɗayan kuwa za ta yi, ta tsinci nama, ta sha zoɓo, ta ce a zuba wa yara cincin a leda. Baƙo uku a ƙirga su a matsayin mutum ɗaya. Abin da ya fi lalata abinci a nan shi ne cika faranti. Abin da aka jagwalgwala ba ya komawa tukunya, don haka a kawo kaɗan a ƙaramin faranti, in an cinye a ƙaro. Baƙon da ya ga an ƙaro masa ya fi jin an karrama shi fiye da wanda aka tula wa tsibi ya rasa ta inda zai fara.

A ce gida ne mai manya 5 da yara 8. Na gida gwangwani 9 ke nan. Maƙwabta 8, gwangwani 16. Gidan iyayen miji da gidan iyayen mata, 10. Baƙi 15, a ba su 5. Masu sallama a ƙofa, 5. Duka 45, wato tiya 3 ba kaɗan. Gida irin wannan na sha ganin an auna masa tiya 5, ban da tuwo, ban da ƙullun waina. Idan kuwa za a yi tuwon da wainar, ba ƙari ba ne a kan 45 ɗin, a cikinsa za a raba. Ciki ɗaya ne zai ci, yawan kala ba ya ƙara masa faɗi.

To idan lissafin ya ci tura fa? Idan motar 'yan ƙauye ta tsaya a ƙofar gida ba sanarwa? Wannan tambayar ce ke sa a cika tukunya, kuma amsarta ita ce zuciyar wannan babi: abincin ko-ta-kwana a ɗanye ake ajiye shi, ba a dafe ba. Miya ita ce mai cin lokaci, ita ake yi da yawa tun asuba ko tun dare. Abin da za a ci da ita kuwa ba ya ɗaukar komai. Taliya minti 10 zuwa 15 ce. Kuskus na leda ruwan zafi kawai yake so. Shinkafar da aka wanke aka tsane, cikin rabin awa ta sauka, kafin baƙi su gama gaisawa su yi sallar la'asar. Ƙullun waina ma haka, yana nan a rufe, ana sallama a ɗora tanda, a kawo ta da zafinta, sai dai a zafi yana saurin yin tsami, ba ya son ya wuce yini. Ga kuma cincin da dubulan da alkaki da nakiya, waɗanda aka yi tun kafin sallah kuma suna mako ba su yi komai ba. Tiya 2 a buhu, idan baƙi ba su zo ba, tana nan tana jiran mako mai zuwa. Tiya 2 a tukunya, idan ba su zo ba, zuwa gobe ta yi yauƙi.

Maganar yauƙin nan ba ta asara kaɗai ba ce. Kalandar Musulunci tana matsowa da kimanin kwana 11 duk shekara, shi ya sa Ƙaramar Sallah ta 2024 ta faɗo ranar 10 ga Afrilu, ta 2025 kuma 30 ga Maris, lokacin da zafi a Kano da Sakkwato da Maiduguri yakan kai digiri 40. Babbar Sallah ta 2025 ta zo ranar 6 ga Yuni, kuma ita ma tana gangarowa cikin bazara. A shinkafa akwai wata ƙwayar cuta, Bacillus cereus, wadda irinta ba ya mutuwa da tafasa. Muddin abincin yana da zafi sosai, sama da digiri 60, ba ta iya komai. Da zarar ya koma ɗumi-ɗumi sai ta farka ta hayayyafa, ta saki guba, kuma gubar ɗumame ba ya kashe ta. Cikin 'yan awoyi mutum zai fara amai. Ƙa'idar masana lafiyar abinci ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye a waje, idan zafi ya haura digiri 32 kuwa awa 1. Kula mai kyau tana ƙara lokaci, amma ba ta yini tana riƙe zafi, balle wadda ake buɗewa ana rufewa. Firji kuwa kowa ya san halin wuta. Amai da gudawar da yara ke yi kwana biyu bayan sallah, wanda ake ɗora wa "ciye-ciye", wani lokaci ba daga alewar kanti ba ne, daga kular da ke ƙarƙashin gado ne.

Miya da nama su ne ke ƙarewa da wuri, kuma dalili ɗaya ne: hannun mai zubawa a sake yake da safe. Kulolin farko suna fita da nama har murfi ba ya rufuwa, na ƙarshe kuma sai romo da ƙashi. Maganin wannan ƙirga ne. Kilo ɗaya na tsokar sa, idan aka yi yanka madaidaici, yana ba da 20 zuwa 25. Kazar Hausa ba ta wuce yanka 8 zuwa 10, ta gidan gona mai girma takan kai 12. Babba yanka biyu, yaro ɗaya, kular maƙwabta huɗu ko biyar. Wanda ya shiga watanda, wato aka haɗa kuɗi a unguwa ko a wurin aiki aka yanka sa aka kasa, ya tuna kason da ya kawo gida haɗe yake da ƙashi da kitse da kayan ciki, kada a yi masa lissafin tsoka zalla. A soya naman a tsame shi daban, kada a zube shi duka cikin miya inda kowa zai riƙa kamun kifi da ludayi, kuma mutum ɗaya ya riƙe shi, wanda yake iya cewa a'a ko da autan gida ne ya zo yana marairaicewa. Miyar ma a raba ta tukunya biyu tun farko, ta fita da ta gida. Miyar taushe, saboda kabewa da gyaɗa, ba ta jure zafi, ita za a fara rabarwa. Miyar dage-dage da ta soyu da mai sosai ita ce ke kaiwa dare.

Babbar Sallah lissafinta daban ne, domin ba a cika damuwa da shinkafa ba, kowa idonsa na kan rago. Kuma rago yana yaudara. A turke, ɗan Uda ko Balami mai tsayi sai ka rantse zai ciyar da unguwa. Amma idan aka feɗe aka cire fata da kai da ƙafafu da kayan ciki, abin da ke rataye bai cika kai rabin nauyinsa ba. Rago mai kilo 40 zai bar kamar kilo 18, da ƙashinsa. A cire ƙashi ya koma 13 ko 14. A soya, ruwa ya fita, kitse ya narke, ya sake raguwa da wajen kashi ɗaya cikin uku. Shi ya sa mata ke tsayawa a kan kasko suna cewa, "Wai ina naman ya shiga?" a fara zargin mahauci ko yaran da ke kai-kawo. Ba wanda ya ɗauka. Haka nama yake.

Saboda haka a nan ma takarda ce farko, wuƙa daga baya. Idan gida 30 ne a jerin, kowanne aka ba shi rabin kilo, kilo 15 ya tafi, saura 3. Mazhabar Malikiyya da muke bi ba ta ƙayyade kaso ba, ta so dai a haɗa uku ɗin, a ci, a yi sadaka, a yi kyauta, wasu malamai kuma suna cewa a raba uku. Abin da babu saɓani a kai a wurinmu shi ne ba a sayar da komai daga ciki, kuma ba a biyan mahauci ladansa da naman, kuɗinsa daban. Al'adar da ake yi a Kano da Katsina da Zazzau ta rataye naman ya kwana ya tsane, a ci hanta da sauran kayan ciki ranar farko, a yi yanka da rabo washegari, tana ba da sararin yin wannan lissafi cikin natsuwa. A Yamai kuma banƙare ragunan ake yi a jikin itace, a kewaye babbar wuta da su yini guda, rabo sai washegari. A wajen rabon ina da ra'ayi, kuma na san ba kowa zai so shi ba: cinyar da ake aika wa gidan attajirin da ya yanka sa da raguna uku, ta fi amfani a gidan bazawarar da ke ƙarshen layi. Shi firjinsa ba shi da wurin sa ta. Abin da ya rage na gida a soya shi ƙarau a kitsensa, a yi dambu da wani, zai yi makonni ba tare da wuta ba. Tsofaffi har wutsiyar suke busarwa a adana ta sai daren cika-ciki a watan Muharram.

Abin sha ba ya son dogon bayani: ruwa ne ke fara ƙarewa, ba lemo ba. Jakar ruwan leda guda 20 ce, kuma a bazara mutum ɗaya yana shan uku kafin ya tashi. Zoɓo yana yini, kunun aya kuwa idan babu ƙanƙara ko azahar ba ya kaiwa, a yi shi daidai shan safe.

Rana ta biyu da ta uku kowane gida ya san nasa. Wanda ke cikin birnin Kano kusa da fada, a shekarar da aka yi Hawan Daushe gidansa masauki ne, dangi daga Kurna da Hotoro da Rijiyar Zaki duk nan za su ya da zango kafin su fita kallo, wannan ranar ta fi ranar idi cin abinci. Babban gida inda tsofaffi suke, shi ma washegari yake cika, ranar da 'ya'ya mata ke zuwa da 'ya'yansu su yini. Amarya da ango a sabuwar unguwa kuwa, su ne masu fita gaisuwa, ko tukunya ba sa buƙatar ɗorawa. Sannan a Ƙaramar Sallah akwai masu ɗaukar Sitta Shawwal tun washegarin idi, a tambaya a ji ko su nawa ne kafin a auna.

Saura masu sallama a ƙofa, almajirai da mabarata da maigadin layi da mai turo ruwa. Na sa musu gwangwani 5 a lissafi da gangan, domin a gidaje da yawa ba a sa su, ana barinsu ne su zama masu kwashe saura. Sai abinci ya kwana ya fara wari sannan a leƙa waje a ƙwala kira, "Almajiri!" a juye masa a roba, a ce an yi sadaka. Yaron da ke kwana a zaure ba shi da kuɗin asibiti, kuma gubar da ke cikin shinkafar nan ba ta san ɗan gida da almajiri ba. Don Allah a ɗebi rabonsu daga tukunyar farko, da zafinsa, da tsokarsa ɗaya a kai. Abin da kuma aka ga zai yi saura, a fitar da shi kafin la'asar, tun ana iya cinsa.